Tsinken gwajin fitsari da ciwon mafitsara: tambayoyi da amsoshi kan iyakar abin da yake iya tabbatarwa

Duk wanda ya taɓa kai kukan zafin fitsari asibiti ko ƙaramin ɗakin gwaji na unguwa ya san yadda abin yake gudana: a ba shi 'yar roba ya kawo fitsari, ma'aikaci ya tsoma wani siririn tsinke mai gidaje kala-kala, bayan minti biyu a ce masa akwai infekshin ko babu. Saurin gwajin da arharsa sun sa mutane da yawa sun ɗauke shi a matsayin hukuncin ƙarshe, alhali kuwa shaida ɗaya ce kawai daga cikin shaidun da ya kamata a saurara. Amsoshin da ke ƙasa bayani ne ga mai karatu, ba za su maye gurbin ganin likita ba.

Mene ne ainihin abin da tsinken yake nema a cikin fitsari?

Tsinken ba ya ganin ƙwayar cuta, sawunta yake bi. Jikinsa roba ce da aka manna wa ƙananan gidaje na takarda, kowane gida an jiƙa shi da sinadarin da ke sauya launi idan ya haɗu da wani abu takamaimai. Irin wannan gwaji na tsomawa da karantawa ya fara yaɗuwa ne a 1956, lokacin da Alfred Free da Helen Free na kamfanin Miles a Amurka suka fitar da Clinistix don gano sukari a fitsari, daga baya aka yi ta ƙara gidaje har aka kai tara ko goma a tsinke guda.

Gidaje biyu ne suka shafi ciwon mafitsara kai tsaye. Na farko shi ne gidan naitirait. Abincin da muke ci, musamman ganyaye irin su alayyafo da latas da kabeji, yana ɗauke da sinadarin naitiret, wanda ƙoda ke tacewa ta zubar a fitsari. Wasu ƙwayoyin bakteriya, musamman E. coli da Klebsiella da Proteus, suna juya naitiret ɗin ya koma naitirait, kuma idan hakan ta faru gidan yakan rine ya zama ruwan hoda. Na biyu shi ne gidan fararen ƙwayoyin jini, wanda ke neman wani sinadari da waɗannan ƙwayoyin ke fitarwa idan jiki ya turo su wurin da ya kumbura, kuma shi launinsa shunayya yake komawa. Akwai gida na uku, na jini, wanda yake taimakawa a wasu lokuta.

Yana da kyau a sani cewa ba kowane tsinke ne yake da waɗannan gidaje ba. Mai gida biyu da ake yawan amfani da shi a wurin awon ciki sukari da furotin kawai yake dubawa, kuma akwai masu gida tara da ba su da gidan fararen ƙwayoyin jini sam.

Idan gidan naitirait ya rine, an tabbatar da ciwon ke nan?

An kusa tabbatar da cewa akwai bakteriya a fitsarin, domin lafiyayyen fitsari ba ya ɗauke da naitirait. A wani babban nazari da masu bincike a ƙasar Holan suka wallafa a 2004, inda suka tattara sakamakon bincike 70, sun samu cewa a cikin mutum 100 da ba su da cutar, tsakanin 85 da 98 gidan naitirait zai wanke su. Saboda haka idan mace mai zafin fitsari da yawan zagayawa ta kawo sabon fitsari a roba mai tsabta, aka tsoma tsinke mai kyau ya nuna naitirait, likita yana da hujja mai ƙarfi ta fara magani.

Sai dai samun bakteriya a fitsari daban, ciwo kuma daban. Akwai masu ɗauke da ƙwayoyin ba tare da sun yi musu wata illa ba, kuma za a zo kan wannan a tambayar tsofaffi.

To me ya sa yakan ƙi rinewa alhali mutum yana da ciwon?

Nan ne babban raunin tsinken yake. Wancan nazari na 2004 ya nuna cewa gidan naitirait yana kama tsakanin 45 da 60 ne kawai cikin masu cutar 100, wato kusan rabinsu suna wucewa ba a gan su ba. Dalilan kuma a fili suke.

Ƙwayoyin suna buƙatar lokaci kafin su tara naitirait da ya isa ya rina takardar, kuma abin da aka saba faɗa shi ne fitsarin ya zauna a mafitsara kimanin awa 4. Amma ita cutar da kanta takan hana hakan, tunda mai ciwon mafitsara ba ya iya riƙe fitsari, kowane rabin awa yana bayan gida. Idan kuma ya bi shawarar da aka saba bayarwa ta yawaita shan ruwa, fitsarin ya tsinke ya zama kamar ruwa, ɗan abin da ya taru ma ya narke. Sannan ba kowace ƙwaya ce ta iya wannan juyi ba: Enterococcus ba ta yi, haka ma Staphylococcus saprophyticus, wadda ita ce ke bin bayan E. coli wajen haddasa ciwon mafitsara ga 'yan mata da mata masu ƙuruciya. Fitsarin farko na asuba, wanda ya kwana a mafitsara, shi ya fi dacewa da wannan gida, amma mai jin raɗaɗi da azahar ba za a ce ya jira gari ya waye ba.

An ce mini fitsarina ya nuna fararen ƙwayoyin jini, an ba ni maganin sanyi. Daidai ne?

Malama, amsar ta dogara ga abin da kike ji a jikinki, domin wannan gida kumburi yake nunawa, ba ya faɗin abin da ya jawo shi. Ya fi gidan naitirait kama masu cutar, amma kuma ya fi shi ɗora laifi a kan wanda ba shi da ita. Ruwan da ke fita daga gaban mace idan ya gauraya da fitsari yana rina shi. Cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, kamar kilamidiya da gonoriya da tirikomonas, suna rina shi. Tsakuwar ƙoda da tsargiya da tarin fuka da ya sauka a ƙoda duk suna iya rina shi, kuma ko zazzaɓi mai zafi ga yaro yakan sa a ga ɗan ɓurɓushi.

Kalmar sanyi ita ma tana ƙara rikita lamarin. A bakinmu ta haɗe ciwon mafitsara da ƙaiƙayin gaba da fitar farin ruwa da ciwon mara da cututtukan saduwa, alhali kowanne yana da sanadinsa da maganinsa. Mace mai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri, wadda matsalarta ta fi kama da ta ƙwayar fangas, idan aka ga alamar tarawa ɗaya (+), wato ɗan rini kaɗan, a gidan fararen ƙwayoyin jini aka ɗora ta a kan antibayotik, ba ta samu sauƙi ba, wataƙila ma abin ya ƙaru, domin antibayotik yana kashe ƙwayoyin da ke tsare gaban mace. Wadda kuma take ɗauke da kilamidiya, idan aka ba ta maganin mafitsara na kwana uku aka sallame ta, cutar tana nan tana hawa zuwa mahaifa, mijinta ma ba a duba shi ba. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa kuma ya fi tsada a amfani da tsinken: a karanta gida ɗaya, a manta da tambayar mai fitsarin abin da ke damunta.

A lissafi, sau nawa tsinken yake faɗin gaskiya?

Babu lamba guda da za ta amsa wannan, domin amsar tana sauyawa gwargwadon wanda aka gwada. Idan aka haɗa gidajen biyu, aka ce duk wanda ɗayansu ya rine an kama shi, nazarin 2004 ya samu cewa ana kama tsakanin 68 da 88 cikin masu cutar 100, ya danganta da rukunin marasa lafiyar.

Bari mu yi misali da alƙaluman da ake yawan amfani da su ga mata: tsinken ya kama 75 cikin masu cutar 100, ya kuma wanke 82 cikin marasa ita 100. A ɗauko mata 100 da suka zo asibiti da wata alama ta ciwon fitsari. Wani nazari da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga a 2002 ya nuna cewa kimanin rabin irin waɗannan mata suna da cutar. Daga cikin 50 masu ita, tsinken zai kama kimanin 38 ya saki 12. Daga cikin 50 marasa ita, zai wanke 41 ya yi wa 9 ƙage. Ke nan idan ya ce akwai, ya yi gaskiya sau 38 cikin 47, wato kusan huɗu cikin biyar. Idan ya ce babu, ya yi kuskure sau 12 cikin 53, wato kusan mace ɗaya cikin huɗu da aka sallama tana da ciwon.

Yanzu a sauya mutanen, a bar tsinken yadda yake. A ɗauko mutum 1000 da ba sa jin komai, aka yi musu gwajin don neman aiki ko duba lafiya, a ƙaddara 50 ne kawai suke da ƙwayoyin. Tsinken zai kama 38 daga cikinsu, amma zai kuma nuna alama a kan 171 daga sauran 950. Wato cikin mutum 209 da aka ce musu akwai, ƙasa da ɗaya cikin biyar ne maganar ta tabbata a kansa. Tsinke ɗaya, kamfani ɗaya, amma darajar sakamakonsa ta faɗi warwas saboda an tsoma shi a fitsarin da babu dalilin zarginsa tun farko.

Ina jin raɗaɗi idan ina fitsari, ina yawan zagayawa, amma tsinke bai nuna komai ba. In haƙura?

A'a, ki koma ki yi wa likita cikakken bayani. Wancan nazari na 2002 ya samu cewa mace mai raɗaɗin fitsari da yawan zagayawa, wadda ba ta da fitar ruwa ko ƙaiƙayi a gaba, yiwuwar ciwon mafitsara gare ta ya haura 90 cikin 100 tun kafin a taɓa fitsarinta. Ga irin wannan mace, farin tsinke bai isa ya rushe abin da jikinta ke faɗa ba. A New Zealand an yi gwaji da aka wallafa a 2005 a kan mata masu alamun cutar waɗanda tsinkensu bai nuna naitirait ko fararen ƙwayoyin jini ba, aka ba wasu antibayotik na kwana uku, wasu kuma ƙwayar da ba magani a cikinta, kuma waɗanda suka sha maganin sun fi saurin rabuwa da raɗaɗin.

Hukumomin lafiya na Ingila sun gina ƙa'idarsu a kan wannan fahimta. Ga mace da ba ta kai shekara 65 ba, bayan an tabbatar matsalar ba ta gaba ba ce, ana duba alamu uku: raɗaɗin fitsari, sabon tashin dare don fitsari, da gurɓacewar fitsari da ido ke gani. Mai biyu ko uku daga ciki ba ta buƙatar tsinke, mai guda ɗaya ita ake tsoma wa. Wato tsinken an ajiye shi ne don wurin da ake kokwanto.

Gidan jini ya nuna alama. Shi ma ciwon mafitsara ne?

Yana iya zama, domin mafitsarar da ta kumbura takan zubar da ɗan jini, kuma idan jini ya haɗu da fararen ƙwayoyin jini ga mace mai alamun cutar, zargin yana ƙara ƙarfi. Amma a ƙasar Hausa ba a kammala maganar jini a fitsari ba tare da an ambaci tsargiya ba. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu wannan cuta, kuma a Nijar ma ta zauna daram a yankunan kogi da tafkuna da wuraren noman rani. Yaron da ke wanka a kududdufi ko madatsar ruwa, ko manomin shinkafa da ke yini a cikin ruwa, idan fitsarinsa ya nuna jini da fararen ƙwayoyin jini, musamman idan jinin a ƙarshen fitsari yake ɗigowa, abin da ya kamata shi ne a duba fitsarin a madubin likita a nemi ƙwan tsutsar. Maganinta furazikwantel ne, antibayotik ba ya taɓa ta. Abin lura ma shi ne, a binciken tsargiya a makarantu, gidan jini na wannan tsinke yana daga cikin kayan aikin da ake dogaro da su.

Jinin haila yana ɓata sakamakon, don haka mace ta faɗa idan tana al'ada. Babba kuma, musamman wanda ya haura shekara 40, idan jini ya ci gaba da fitowa bayan an gama magani, dole a bincika ƙoda da mafitsara da kyau, domin tsakuwa da ciwon daji suna farawa da wannan alama.

Mai ciki fa? Gwajin da ake yi a wurin awo ya wadatar?

Bai wadatar ba. Mai ciki tana daga cikin 'yan tsirarun mutanen da ake neman ƙwayoyin a fitsarinsu a kuma yi musu magani ko da ba sa jin komai, saboda ciki yana sassauta hanyoyin fitsari, ƙwayar da ke zaune shiru a mafitsara tana iya hawa ƙoda, ciwon ƙoda kuma yana iya jawo naƙuda kafin lokaci. Tsakanin 2 da 10 cikin masu ciki 100 suna ɗauke da ƙwayoyin ba tare da alama ba. Tunda manufar ita ce kada a saki mai ɗauke da su, gwajin da ke sakin kusan rabi bai dace da aikin ba.

A ƙa'idojin awon ciki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, gwajin da ta zaɓa shi ne renon ƙwayoyin a ɗakin gwaji, wanda ma'aikata ke kira kalca. Inda babu halin yin sa, ta fifita a rina fitsarin a duba shi a madubin likita a kan a dogara da tsinke. A asibitocin karkara da yawa tsinken ne kaɗai abin da ke hannu, kuma amfani da shi ya fi zama haka nan, musamman tunda naitirait idan ya fito abin dogaro ne. Amma mai cikin da ke da hali ta nemi a yi mata kalca ko sau ɗaya ne a farkon awo, kuma ta tambaya ko tsinken da aka tsoma mata na sukari da furotin ne kawai, domin wannan hawan jinin masu ciki da ciwon sukari yake fako, ba ƙwayar cuta ba.

Yaya abin yake ga jarirai da ƙananan yara?

Yaro ƙarami ba ya cewa fitsari na yi masa zafi. Abin da uwa ke gani shi ne zazzaɓi, ƙin nono, amai ko rashin ƙiba, kuma a wurinmu zazzaɓin yaro maleriya ake fara zargi. Kimanin 5 zuwa 7 cikin 100 na jariran da ke zazzaɓi ba tare da wani sanadi a fili ba ciwon fitsari ne ke damunsu, kuma yaran da ke fama da tamowa sun fi saurin kamuwa. Saboda haka idan gwajin maleriya bai nuna komai ba, ko an sha maganinta zazzaɓin bai sauka ba, duba fitsari ya zama wajibi.

Alƙaluman da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta kawo a ƙa'idarta ta 2011, ta yara daga wata 2 zuwa wata 24, sun nuna hoton sarai: gidan naitirait yana kama kimanin 53 cikin 100 amma yana wanke 98, gidan fararen ƙwayoyin jini yana kama 83 yana wanke 78, idan kuma aka karɓi ɗaya daga cikin biyun ana kama 93. Naitirait yana da rauni ga jarirai saboda ba sa tara fitsari. Ga jaririn da bai kai wata 3 ba, ba a yanke hukunci da tsinke ko kaɗan: zazzaɓi a wannan shekaru na asibiti ne nan take, a yi kalca, likitan yara ya duba shi.

Ɗibar fitsarin ita ce wahalar. Ledar da ake mannawa a gaban jariri tana kwasar ƙwayoyin fata, don haka idan sakamakonta ya fito fari yana da amfani, idan ya nuna alama kuwa sai an sake ɗiba ta hanya mai tsabta. Matse fitsari daga zanen goyo ko kunzugu ba ya ba da abin dogaro. Abin da ya fi shi ne a wanke yaron, a shayar da shi, a zauna da buɗaɗɗiyar roba mai tsabta ana jira a tari fitsarin yana fitowa.

Mahaifiyata ta tsufa, ta ɗan rikice, tsinke ya nuna infekshin. Shi ne sanadin?

Wataƙila, amma tsinken ba zai iya gaya maka ba. Da tsufa, mafitsara takan zama mazaunin bakteriya ba tare da ciwo ba, har a gidajen kula da tsofaffi akan samu kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin mata suna ɗauke da su, galibi tare da fararen ƙwayoyin jini. Don haka tsinken zai rine ko mahaifiyarka tana da ciwon ko ba ta da shi, kuma wannan ne ya sa a Ingila aka hana amfani da shi wajen gano ciwon fitsari ga wanda ya haura shekara 65. Haɗarin shi ne a ga launi a tsaya nan, alhali abin da ya rikita ta ƙarancin ruwa ne a jiki, ko ciwon huhu, ko sukari da ya hau ko ya faɗi, ko shanyewar ɓarin jiki da ke farawa, ko wani magani da take sha. A duba ta gaba ɗaya, a nemi alamu kamar zazzaɓi, sabon raɗaɗin fitsari, ciwon mara ko ciwon kwiɓi, idan an samu a aika fitsarin kalca.

Haka hukuncin yake ga wanda aka sa wa robar fitsari. Wanda ya yi wata guda da ita kusan tabbas akwai ƙwayoyi a fitsarinsa, tsoma tsinke a jakar ba ya ƙara wa kowa ilimi.

Maza fa?

Ciwon mafitsara bai cika kama namiji haka kawai ba. Ga saurayi ko magidanci mai zafin fitsari, musamman idan akwai ruwa ko mugunya da ke fita, cututtukan saduwa ake fara tunani. Ga dattijo kuma, kumburin furostet, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji, wanda ke hana mafitsara zubar da duk abin da ke cikinta. Farin tsinke ba ya wanke namiji mai alamu, kuma ƙa'ida ita ce a yi masa kalca kafin a fara magani.

Wace hanya ce ta ɗibar fitsari da ke rage kuskure?

A wanke hannu, a wanke gaba da ruwa, mace ta buɗe da yatsu don kada fitsarin ya bi ta fata, a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya a robar da ɗakin gwaji ya bayar. Kwalbar magani ko gorar lemo da aka ɗauraye a gida ba ta dace ba, domin ragowar sabulu ko sukari yana sauya launin gidajen. A gwada fitsarin cikin awa 2. Idan ya daɗe a ajiye a ɗaki, 'yan ƙwayoyin da suka faɗa ciki daga fata suna hayayyafa su samar da naitirait na ƙarya, fararen ƙwayoyin jini kuma suna farfashewa. Idan jinkiri ya zama dole, firji yana riƙe shi har awa 24.

Shi ma mai karantawa yana da nasa nauyin. Kowane gida yana da lokacinsa da aka rubuta a jikin kwalbar, galibi daƙiƙa 60 ga naitirait, minti 2 ga fararen ƙwayoyin jini. Wanda ya karanta da wuri zai rasa alama mai rauni, wanda ya bar tsinken a kan tebur ya dawo bayan minti goma zai ga launin da iska ta haifar. Ana kuma buƙatar haske mai kyau, domin bambancin babu da ɗan ɓurɓushi ba ya ganuwa a hasken tocilan.

Shin tsinken yana lalacewa?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ya shafe mu fiye da ƙasashen da aka yi yawancin binciken. Kamfanoni suna umartar a ajiye shi ƙasa da digiri 30, a cikin kwalbarsa, a rufe da zarar an zari ɗaya, a bar ɗan ƙunshin da ke shanye laima a ciki. A Sakkwato da Maiduguri da Zinder, zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, kuma shagon kemis mai rufin kwano ya fi waje zafi. Da damina kuma laima ce ke shiga. Wani bincike ya nuna cewa tsinkayen da aka bari a buɗe mako guda, kashi ɗaya cikin uku sun nuna naitirait na ƙarya, bayan mako biyu kuwa uku cikin huɗu. Tsinken da gidansa ya riga ya sauya launi kafin a tsoma shi, ko wanda wa'adinsa ya wuce, ko wanda aka tsaga biyu don tattali, bai kamata a gina magani a kansa ba.

Akwai magunguna ko abinci da ke ɓata sakamakon?

Akwai. Yawan bitamin C yana danne gidan naitirait da na jini su fito fari. Sukari mai yawa a fitsari, kamar na mai ciwon sukari da bai daidaita ba, da furotin mai yawa, da fitsarin da ya yi kauri saboda ƙishirwa, duk suna raunana gidan fararen ƙwayoyin jini. Magungunan da ke rina fitsari, kamar rifamfisin na masu tarin fuka, suna sa karatun launi ya gagara. Wanda ya fi duka yawa shi ne antibayotik da aka saya a kemis aka fara sha kafin zuwa asibiti: ƙwayar magani biyu ko uku sun isa su rage ƙwayoyin cutar har tsinke da kalca su fito fari alhali cutar ba ta mutu ba. Duk abin da aka sha, har na gargajiya, a faɗa wa likita.

Idan kalca ne ma'aunin, me ya sa ba a yi wa kowa shi ba?

Saboda yana cin kwana biyu zuwa uku, yana da tsada, yana buƙatar wutar lantarki da ƙwararren ma'aikaci, kuma mace mai ciwon mafitsara mara rikitarwa takan warke kafin sakamakon ya fito. Shi ma ba ma'asumi ba ne. Iyakar da aka daɗe ana amfani da ita, ƙwaya 100,000 a kowace mililita, ta samo asali ne daga aikin Edward Kass a 1956, kuma a 1982 Walter Stamm da abokan aikinsa suka nuna cewa mata da yawa masu ciwo na gaske adadinsu bai kai haka ba. Wannan yana nufin cewa wani ɓangare na kuskuren da ake jingina wa tsinke ya danganta ne da ma'aunin da aka gwada shi da shi.

Amma kalca yana faɗin abin da tsinke ba zai taɓa faɗa ba: sunan ƙwayar da maganin da ke kashe ta. A yankinmu E. coli ta daɗe da daina jin Septrin da amfisilin a lokuta da yawa, kuma turjiyarta ga sifirofuloksasin tana ƙaruwa. Duk wanda ciwon ke dawo masa, ko ya sha magani kwana biyu bai ji sauƙi ba, ko mai ciki, ko namiji, ko yaro, ko mai ciwon sukari ko sikila ko ciwon ƙoda, kalca ne gwajinsa.

Waɗanne alamu ne ba a tsaya jiran tsinke a kansu ba?

Zazzaɓi mai zafi da rawar sanyi tare da ciwo a kwiɓi ko bayan ciki, amai da ke hana shan ruwa ko magani, raguwar fitsari sosai ko tsayawarsa, jiri da saurin numfashi da ruɗewa: waɗannan suna nuna cewa cutar ta hau ƙoda ko ta shiga jini. Mai irin waɗannan alamu, da mai ciki da ke zazzaɓi tare da ciwon baya, da jaririn da bai kai wata 3 ba mai zafin jiki, a kai su asibiti a ranar ko da dare ne. A can za a ɗebi fitsari don kalca kafin allurar farko, a fara magani nan take, ko tsinken ya rine ko bai rine ba.